Yadda Ake Gano Matsalar Kwamfaresar Iska Ta Cikin Mota Idan Ta Ƙi Aiki

Duk direban da ke bin hanyoyin karkara daga Karaye zuwa Rogo, har ƙauyukan da ke kewaye da Rogo Ruma, ya san wahalar da taya ke sha: laka da damina, yashi da ƙura da rani. Shi ya sa wasu masu Hilux da Land Cruiser ke ɗaura ƙaramar kwamfaresa mai aiki da batirin mota. Idan an zo yashi, sai a rage iskar taya zuwa kamar PSI 18 ko 20 domin ta shimfiɗu ta kama ƙasa, idan an hau kwalta kuma a mayar da iskar. Matsalar ita ce ranar da aka rage iska, aka danna makunni, kwamfaresa ta yi shiru, ga magariba ta gabato, ga mai faci yana can cikin gari. Gudu a kan kwalta da taya mara isasshiyar iska yana sa ta yi zafi, har ta iya fashewa. Wannan darasi zai nuna yadda ake bin matsalar mataki-mataki.

Yadda take aiki

Wuta tana tashi daga batir, ta bi ta fiyus, ta shiga rile, sannan ta kai ga motar lantarkin da ke juya fistin. Makunnin da ke gaban direba ba ya ɗaukar babbar wutar, aikinsa kawai ya umarci rile ya haɗa. Idan akwai tanki, akwai wani makunnin da matsin iska ke sarrafawa: yana kashe injin in tanki ya cika, ya kunna shi in iska ta ragu. Ke nan sassan biyu ne, na wuta da na iska. Ƙa'idar ita ce a gwada abu ɗaya a lokaci guda, a fara da mafi sauƙi.

Kayan da ake buƙata: mitar gwada wuta, fiyus da rile na ajiya, ruwan sabulu, da ma'aunin iskar taya. Kafin a cire kowace waya, a ɗauki hotonta da wayar hannu, don kada a ruɗe wajen mayarwa.

1. An kunna, ba ko motsi

A fara da batir. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe, idan kuma tana aiki ya kai 13.5 zuwa 14.5. In batir lafiya yake, a zaro fiyus a haska shi da tocilar waya. Idan ƙarfen ciki ya tsinke, a sa wani mai lamba iri ɗaya. Daga nan a duba baƙar wayar da aka ɗaure a jikin mota. Girgizar hanya tana kwance ta, laka kuma tana sa wurin ya yi tsatsa. A kwance, a kankare har ƙarfe ya fito fes, a ɗaure da kyau. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

2. Rile yana ƙara "ƙas", amma injin bai tashi ba

Wannan ƙarar tana nufin makunni yana aiki. Rile na mota yawanci yana da ƙafafu masu lamba: 85 da 86 na umarni ne, 30 ita ke karɓar wuta daga batir, 87 ita ke miƙa ta ga kwamfaresa. A sa mita a kan 30, sannan a kan 87 bayan an kunna. Idan akwai wuta a 30 amma babu a 87, rile ya ci, a canza shi. Idan wuta tana isa har bakin kwamfaresa kuma ba ta juya ba, laifin na motar lantarkin ne, galibi gawayin ciki ya cinye. Wannan aikin mai wayarin ne.

3. Fiyus yana ta ƙonewa

Kwamfaresa mai ƙarfi tana jan amfiya 20 zuwa 30 ko fiye, ramin kunna taba na mota kuwa yawanci fiyus ɗinsa 10 ne ko 15. Don haka babbar kwamfaresa daga batir kai tsaye ake ba ta wuta, da waya mai kauri da fiyus nata. In an yi haka kuma yana ci gaba da ƙonewa, a bi wayar daga farko zuwa ƙarshe, a nemi inda ta goge ta taɓa ƙarfe. Kada a kuskura a maye gurbin fiyus da guntun waya ko takardar azurfa, domin waya ce za ta yi zafi a madadinsa, mota na iya kamawa da wuta.

4. Tana juyawa a hankali

A bar injin mota a kunne yayin ba da iska. In ba ta gyaru ba, a gwada wuta a kan batir, sannan a bakin kwamfaresa tana cikin aiki. Bambancin da ya haura rabin bolt yana nuna siririyar waya ko haɗin da ya saki.

5. Tana aiki, amma iska ba ta shiga taya

A cire matatar iska tukuna. Ƙurar hunturu tana toshe ta, sai a kakkaɓe ko a canza. Sannan a shafa ruwan sabulu a tiyo da duk mahaɗa, inda kumfa ya taso nan iska ke zurarewa. A duba bakin da ke kama bawul ɗin taya ma, don wani lokaci bai zauna daidai ba ne kawai. Idan duk waɗannan lafiya ne amma ba ƙarfi, zoben fistin ya cinye ko bawul na cikin kai ya lalace.

6. Tana aiki sai ta ɗauke da kanta

Da yawa suna da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya yi yawa. A zafin Maris da Afrilu wannan yakan faru da wuri, musamman in an ɗaura ta kusa da injin mota. A bar ta ta huce kamar minti 20 zuwa 30. Kada a zuba mata ruwa, kada kuma a taɓa kanta da hannu, yana ƙuna.

7. Ba ta tsayawa bayan tanki ya cika

Ko dai iska na zurarewa, ko makunnin matsi ya lalace, ko rile ya manne. A zaro fiyus nan take, a saki iskar tanki gaba ɗaya kafin a kwance komai.

Kafin a kama hanya

A kunna kwamfaresa tun a gida a ga tana cika taya. A riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a gindin tanki, musamman da damina. Adadin iskar da ya dace da taya yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, da shi za a yi aiki. Fiyus da rile ba su da tsada, ana samunsu wajen masu kayan gyaran mota, irin su kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, don haka a ajiye biyu-biyu a cikin mota, tare da famfon ƙafa da safeyar taya mai iska.