Abin Da Aku Ya Koya Mana

Cikin littattafan da mu ke nazari a ajin koyon malanta, babu wanda ya sake mana hali kamar Magana Jari Ce, wanda Malam Abubakar Imam ya rubuta a Zariya, littafi na fari ya fito a 1937. Ku dubi dabarar akun nan. Sarki ya fita yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana nufin yaron da sharri, so ya ke ya fito. Aku bai daka masa tsawa ba. Labari kurum ya ke jan sa da shi, in ya ga hankalinsa zai koma waje sai ya ƙulla wani, har gari ya waye. To, ai aikin malamin elementare ke nan, sai dai shi Musa arba'in ke zaune gabansa.

Tun da muka lura da wannan, in mun tafi gwajin koyarwa mukan tsaya daidai inda kura ta kusa cim ma Gizo, sa'an nan mu tambayi yara abin da zai faru. Sai ka ga wanda bai taɓa buɗe baki ba ya ɗaga hannu, yana in'ina. Haƙurin jiran amsarsa shi ya fi kome wuyar koyo, har yanzu kuwa muna kai.

Amma fa ba kowane littafi ya dace da ƙanana ba. Shaihu Umar, na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Hausarsa garau ce, sai dai labarin bauta da rabuwar ɗa da uwa ya yi wa 'yan aji ɗaya nauyi. Wannan mukan ajiye shi sai sun kai aji huɗu.