Kwatanta Harsuna: Misalin Kalmar "Siriri" a Dangin Jamusanci

Masu nazarin tarihin harshe ba sa yanke hukunci cewa kalmomi biyu 'yan'uwa ne don kawai sun yi kama a kunne. Sai an ga canjin sauti mai bin ƙa'ida, wanda ke maimaita kansa a kalmomi da dama. A wannan darasi za a ɗauki sifa guda, mai ma'anar "siriri" ko "marar kauri", don nuna yadda ake wannan aiki.

A Ingilishi ana cewa thin, a Jamusanci dünn, a harshen Holan dun, a na Suwidin tunn, a na Aisilan kuwa þunnur. Harafin þ na wakiltar sautin da Ingilishi ke rubutawa th, wanda ake furtawa da tsinin harshe a haƙora. Masana sun komar da dukkan waɗannan ga *þunnuz ta harshen da ya haifi dangin. Tauraron da ke gaban kalmar alama ce ta cewa ba a taɓa samunta a rubuce ba, kwatance ne ya fito da ita.

Saiwarta ta girmi dangin kansa. Ita ce *ten-, mai ma'anar "miƙe" ko "ja", kuma daga gare ta Latin ya sami tenuis, Sanskirit ya sami tanu. Alaƙar ma'anar a fili take ga duk wanda ya taɓa kallon mai kaɗi: abin da aka ja ya miƙe, shi ke sirancewa.

To, me ya mayar da t ta zama þ? Rasmus Rask ya lura da wannan canji a 1818, Jacob Grimm kuma ya tsara shi a matsayin ƙa'ida a 1822, har ake kiranta da sunansa, ko da yake Rask ya cancanci rabo mafi girma daga yabon. Ƙa'idar ta ce tsayau marar ziza ya koma zuzau a dangin Jamusanci. Daga baya Jamusanci da harshen Holan suka mayar da þ ta zama d, na Suwidin ya mayar da ita t a irin wannan kalma. Hujjar ita ce maimaituwa: "uku" a Latin tres ce, a Ingilishi three, a Jamusanci drei, a Suwidin tre.

Wasalin ne ya fi ban sha'awa, domin nahawu ne ya sauya shi. Asalin sifar tana cikin rukunin masu ƙarewa da u. A reshen yamma sai ta ƙaura zuwa rukunin masu ƙarewa da i, shi ya sa tsohon Jamusanci ke da dunni. Wannan i ta janyo u ɗin da ke gabanta zuwa gaban baki, aka sami þynne a tsohon Ingilishi da dünn a Jamusanci. Ɗalibin da ya san yadda i ke ganɗanta t a mota da motoci ba zai yi mamaki ba, sai dai a nan wasali aka yi wa naso maimakon baƙi. Daga bisani i ɗin ta shafe, ta bar tabonta. Ingilishi ya ƙara da daina kewaye leɓɓa wajen furta y, ta koma i. A Aisilan da Suwidin sifar ba ta bi wannan hanya ba, don haka u ta zauna daram.

Ta fuskar jinsi, Ingilishi ya zubar da ɗafe-ɗafensa, thin ɗaya ce ga kowane suna. Jamusanci bai zubar ba: ein dünner Mann, eine dünne Frau, ein dünnes Buch, wato namiji, mace da jinsi na uku wanda Hausa ba ta da shi. A nan Jamusanci ya fi kusa da tsarin siriri, siririya, sirara, duk da cewa babu dangantakar asali tsakaninsa da Hausa.

Aiki: Latin na da tu, "kai". Bisa ƙa'idar Grimm, da wane sauti takwarorinta za su fara a tsohon Ingilishi da Jamusanci?