Iskata ba ta ƙare ba, an ce in fito

Malam,

Ni ɗan Zariya ne, aiki ya kawo ni Alƙahira. Abokan aikina Misirawa suka ja ni Hurghada, wadda su suke kira Gardaƙa, na koyi nutso da tukunyar iska har na karɓi katin shaidar iya nutso na PADI na matakin farko, daga baya na ƙara na biyu. Tun daga nan, duk hutun da na samu sai bakin Bahar Maliya.

Damuwata lokaci ne. Duk jirgin da na shiga, kafin mu faɗa ruwa jagora zai ce minti 45 ne, ko kuma da zarar ma'aunin iskar tukunyar wani ya sauka zuwa bar 50 kowa ya fito. Ni kuwa ba na shan iska da yawa. Sau da dama nakan hau jirgi da bar 110 a tukunya. Ranar da abin ya fi ƙona min rai, kusa da tsibirin Giftun muka tarar da kunkurun ruwa yana kiwo a kan murjani. Na daidaita kyamara ke nan jagora ya ƙwanƙwasa tukunyarsa ya ɗaga babban yatsa, wai wani baƙo ya zuƙe iskarsa tun kafin lokaci. Tafiyar wajen awa shida a mota, ga kuɗin masauki ga na jirgi, a ce wani ne zai yanke min nutsona?

Yaya zan gane masu jirgin da za su bar ni in yi awa ɗaya da 'yan kai? Wani abokina ya ce in koma naitiroks. Wani kuma ya ce in yi kamar ban ga alamar jagora ba, ai ba zai tafi ya bar ni ba.

Ɗan'uwanku a Alƙahira

Ɗan'uwa,

Lissafinka daidai ne. Ka shiga da bar 200, ka fito da 110 bayan minti 45, wato bar 2 kake sha a minti. A cire bar 50 na ajiya da ba a taɓawa, saura 60, wato rabin awa ka bari a tukunya. Kana da gaskiya ka ji haushi. Sai dai kujera ka saya a jirgin, ba shatarsa ka ɗauka ba, kuma ka san bambancin tun daga tashar Kwangila. Wanda ya biya kuɗin kujera ba ya ce wa direba ya tsaya ya jira shi ya gama kallon gari.

Abu uku ne ke fitar da mutum daga ruwa: iskar tukunyarsa, naitirojin da jikinsa ya sha, da agogon mai jirgi. Na ukun kaɗai ake ciniki a kansa, kuma shi ne ya dame ka. Amma bari in tsaya a kan na biyu tukuna, don mai iska da yawa irinka shi ne ya fi kusa da faɗawa tarkonsa. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, kuma gwargwadon matsin ne naitirojin ke narkewa cikin jini da tsoka. A jadawalin PADI da ka karanta, mita 12 tana ba ka minti 147, mita 18 minti 56, mita 30 kuwa minti 20 kacal. Ka ga ke nan awa ɗaya da kwata da kake nema ba a kowane zurfi ake samunta ba. A kan baraguzan jirgin Thistlegorm, wanda jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a 1941, yake kuma kwance a wajen mita 30, kwamfutar hannunka ce za ta kore ka tun ma'aunin iska bai ce komai ba. Kuma waɗannan alƙaluma na nutson farko ne. Idan ka tsawaita na safe, na rana zai gajarce, sai fa in an tsawaita hutun da ke tsakaninsu, wanda shi ma a hannun mai jirgi yake.

Abokinka na naitiroks ya faɗi rabin magana. Iska ce da aka ƙara mata oksijin, galibi kashi 32 cikin 100 maimakon 21, don haka naitirojin ɗinta ya ragu. A mita 18 tana kai ka sama da awa ɗaya da rabi maimakon minti 56. Amma ba ta sa tukunya ta daɗe, ba ta kuma canza ra'ayin jagora. Tana da nata sharaɗin: da kashi 32 ba a wuce wajen mita 34, don oksijin mai yawa a zurfi yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Ka yi kwas ɗinta, kwana ɗaya ne, zai amfane ka idan kana nutso uku a yini. Matsalar da ka kawo dai ba ita ce za ta warware ta ba.

Shawarar ɗaya abokin kuwa, ka jefar da ita. Ruwa ba ya tsami banza, kuma minti 45 ɗin nan ba rowa kaɗai ba ce. Jirgin yini yana da nutso biyu, da hutun awa ɗaya a tsakani, da abincin rana, da lokacin da dole ya koma mashiga. Yana ɗauke da mutanen da suka karɓi kati jiya da waɗanda suka shekara goma ba su taɓa ruwa ba, duk a bayan jagora ɗaya. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne, lokacin da aka sanar shi ne ma'aunin da ma'aikatan jirgi ke gane cewa mutum ya ɓata. In an ce 45 aka kai 55 ba ka fito ba, su ba su san kunkuru kake ɗauka hoto ba. Abin da suka sani shi ne ruwa yana ja, kuma duk mintin da ya wuce yana ƙara faɗin wurin da za a neme ka. A 1998 wani jirgi a gaɓar Ostareliya ya tafi ya bar wasu ma'aurata 'yan Amurka a teku saboda kuskuren ƙidaya, ba a sake ganinsu ba. Jagoran da ya ga ka ƙi bin alamarsa zai hana ka nutso na biyu, kuma ni ina bayansa.

Cinikin a tudu ake yinsa, kafin ka biya. Kada ka tambaye su ko suna barin dogon nutso, don kowa zai ce "mafish mushkila", wato ba matsala. Ka tambaya a rubuce, ta WhatsApp ko imel: minti nawa ne iyakar kowane nutso? Idan mutum ɗaya ya kai bar 50, shi da abokin nutsonsa ne ke fita ko ayarin gaba ɗaya? Wannan ita ce tambayar da ke raba aya da tsakuwa. Cibiyoyi da yawa suna da dokar awa ɗaya ko bar 50, suna tura wanda iskarsa ta ƙare sama da abokinsa, sauran su ci gaba. Ka tambayi mutum nawa ke bin jagora ɗaya, da ko ana raba ayari bisa gogewa, da ko akwai ƙaramin kwalekwalen roba mai inji da ke kwaso waɗanda suka fito nesa. Jirgin da ba shi da kwalekwale dole ya tattara kowa lokaci guda, ko da matuƙinsa mutumin kirki ne. Sannan ka duba cewa cibiyar tana da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da harkar nutso a Masar, kuma akwai tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a jirgin. Wanda ya ce maka ka zauna iya son ranka, bai tambayi katinka ba, bai tambayi yaushe rabonka da ruwa ba, ka guje shi fiye da mai minti 45.

Kai ma akwai abin da za ka kawo teburin. Ka zo da littafin da kake rubuta nutsonka, da kwamfutarka, da doguwar balan-balan ɗin nan mai launin lemu da ake turawa sama daga ƙasa don jirgi ya san inda kake, kuma ka iya tura ta ba tare da ta fizge ka ba. Mafi amfani duka, ka zo da abokin nutso mai shan iska irin naka. Mutum ɗaya da ya zo shi kaɗai, da duk wanda ya rage ake haɗa shi, kuma sau da yawa wanda ya rage shi ne mai zuƙe tukunya a rabin awa. Ka ɗauki kwana uku ko huɗu da cibiya ɗaya maimakon tsalle daga jirgi zuwa jirgi. A rana ta farko jagora kallonka yake yi. In ya ga kana tsayawa cak a ruwa, kana yin tsayuwar minti 3 a mita 5 ba tare da an tuna maka ba, rana ta biyu maganarka za ta yi nauyi. Idan aljihu ya yarda, ku biyu ku ɗauki jagora na kanku, ku yanke lokacin tare da shi da matuƙi tun a mashiga.

Ra'ayina dai, jirgin yini na Hurghada ba wurin mai kyamara ba ne. An tsara shi ne don baƙin otal masu mako guda. Abin da kake nema yana inda babu jirgi kwata-kwata. A Dahab, a gaɓar Sina'i, yawancin nutso daga tudu ake shiga da ƙafa, kuma babu matuƙin da ke duba agogo. Kudu da Hurghada, a yankin Marsa Alam, akwai sansanoni irin na Marsa Shagra da murjani ke bakin ƙofarsu: kai da abokinka ku rubuta sunayenku da lokacin dawowarku a allo, ku ɗauki tukunya ku shiga. A can minti 75 a mita 10 zuwa 12 ba abin a zo a gani ba ne. Jiragen safari da ake kwana a ciki mako guda su ma sun fi sassauci, galibi awa ɗaya, sau uku ko huɗu a yini, sai dai kuɗinsu da zafi.

Ka shirya wa sanyi. A hunturu ruwan Bahar Maliya yana sauka zuwa wajen digiri 22, kuma rigar robar da ta ishe ka a minti 45 ba za ta ishe ka a 75 ba. Ka sha ruwa sosai kafin nutso da bayansa. Idan jirgin sama za ka koma da shi, ka bar aƙalla awa 18 bayan nutso na ƙarshe in ka jera kwanaki kana shiga ruwa. A Dahab kuma za a tallata maka hawan Dutsen Musa da dare don ganin fitowar rana. Tsayinsa ya haura mita 2,200, kuma ga jikin da ke ɗauke da naitirojin hawansa daidai yake da shiga jirgin sama. Ka sa shi a ranar isowarka, kafin ka taɓa ruwa.