Darasinmu: Hutun Yara Ya Zo, Ina Za Mu Kai Su?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Idan aka ce yawon buɗe ido, da yawanmu Dubai ko Masar ke faɗo mana a rai, sai mu ce ai wannan sai matan manya. Shi ke nan hutu ya zo ya wuce, yara na gaban talabijin da waya, ke kuma kina kicin kina ƙirga ranar da za a koma makaranta ki huta da hayaniya. Ki gwada tambayar ɗanki ɗan sakandare wace ce Nana Asma'u, ko a wane gari kabarin Shehu Usmanu yake. Wataƙila ya yi shiru, alhali zai iya jero miki sunayen 'yan ƙwallon Ingila ba tare da ya numfasa ba. Laifin ba nasa kaɗai ba ne, abin da aka nuna masa shi ya gani.

A Suratul Ankabut aya ta 20, Allah ya umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fari halitta. A Suratur Rum aya ta 42 kuma ya umarce mu da mu yi tafiya mu duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Kin ga kallo iri biyu ke nan: kallon halitta da kallon tarihi. Duka biyun akwai su a kusa da mu, a mota ake zuwa, ba sai da biza ba. Ga wurare huɗu, ki duba wanda ya fi kusa da garinku.

Kano: daga kan Dala ake fara karatu

Idan kun shiga Kano, ku yi sammako ku hau Dutsen Dala kafin rana ta yi zafi. Akwai matakala, amma mai ciki ko mai ciwon gwiwa gara ta jira a ƙasa. Daga sama za ku hango tsohon birni, da Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci. A nan za ki gaya wa yara cewa, kamar yadda tarihin Kano ya zo, a wajen dutsen nan ne Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura. Sai a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali da Musulunci. Ki bar su su saurari kiran sallah yana tashi ta ko'ina, sannan ki tambaye su: da a ce malaman nan sun yi zamansu a gida, da yaya ke nan?

Daga nan ku wuce Gidan Makama, inda aka adana kayan tarihi da tsofaffin hotuna. A kusa da shi akwai Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi. Ku ƙarasa karofin Ƙofar Mata yara su ga yadda ake rini da baba da toka, su ji sautin masu bugu. A hanya ki nuna musu abin da ya saura na badala, don gine-gine sun cinye mafi yawanta. Wannan ma darasi ne kan abin da aka gada aka ƙi kulawa da shi.

Katsina da Daura

A Katsina akwai hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon kimanin mita 15 da ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, shaidar zamanin da ɗalibai ke zuwa garin neman ilmi daga nesa. Garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne. Haka kuma ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ya zama gidan tarihi. A Daura kuwa akwai rijiyar Kusugu, ta labarin Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Ki bayyana wa yara cewa wannan labarin baka ne da aka gada kaka da kakanni, ba a ajiye shi a matsayi ɗaya da abin da ya tabbata a rubuce. Yaron da ya koyi bambance waɗannan biyun tun yana ƙarami, ba kowane labarin waya ne zai ruɗe shi ba.

Sakkwato: garin da ya kamata kowace 'ya mace ta gani

A nan nake so mu ɗan daɗe, 'yar'uwa, domin tarihinmu ne mu mata.

An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Gidan da ya zauna, inda aka binne shi, shi ake kira Hubbare. A wannan wuri ne aka binne 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta rasu a 1864. Tana yarinya ƙarama aka yi hijira da ita, ta ga yunwa da yaƙi da tashi daga wannan zango zuwa wancan. Ta yi aure da Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta haihu, ta riƙe gida, duk da haka ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Abin da ya fi shafar darasinmu shi ne 'Yan Taru. Nana Asma'u ta lura matan ƙauye ba su da hanyar zuwa ga ilmi, musamman masu goyo da hidimar gida. Sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar jagoranci. Jaji takan taso daga ƙauyensu da tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, su yi tafiyar ƙafa har wurinta, ɗauke da tsarabar hatsi ko zuma ko man shanu, ita kuma ta rabar wa mabukata. Su karɓi karatu a waƙe don ya yi sauƙin haddacewa, su koma gida su biya wa matan auren da ba su samu fita ba. Tsarki, sallah, zaman aure, barin bori, duk ta wannan hanya suka shiga ɗakunan mata.

To kin ga, tafiyar mace don ƙaruwa ba yau aka fara ta a ƙasar nan ba. Waɗancan da ƙafa suka yi, ke kuwa a mota za ki. Ranar da 'yarki ta tsaya a garin nan kika ba ta wannan labari, da wuya wani ya zo daga baya ya ce mata ilmin mace baƙon abu ne a Musulunci ta yarda. Ku leƙa kuma gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, akwai tsofaffin rubuce-rubuce da kayan da.

Sai dai a kula. Malamai sun yi saɓani kan ziyarar kabari ga mata: wasu sun hana, wasu sun halatta da sharaɗin sutura da natsuwa, ba kuka da kururuwa, ba cakuɗuwa da maza. Ki tambayi malamin da kuke karatu a wurinsa kafin ku tashi. Idan kin je, ki yi sallama, ki roƙa wa mamatan gafara da rahama, ki tuna taki ranar. Biyan bukata kuwa wurin Allah kaɗai ake nema. Tarihin garin ma kaɗai ya isa dalilin zuwa.

Yankari: kallon ikon Allah

Wuri na huɗu na kallon halitta ne. Gandun dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina da birai da tsuntsaye iri-iri. Lokacin rani ya fi, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, domin ciyawa ta bushe, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji. Da damina ciyawa kan rufe su, sai a sha yawo ba a ga abin kirki ba. Ko da rani ma ki gaya wa yara tun daga gida cewa daji ne ba gidan zu ba, ganin giwa sai an dace.

A can ne maɓuɓɓugar Wikki take, ruwa garai-garai mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa wajen digiri 31, dare da rana, sanyi da zafi. Ki tambayi yara wa yake hura masa wuta. Amma wurin wanka ne da maza da mata ke shiga, don haka ke da 'yan matanki ku tsaya ga kallo, ƙananan yara kuma kada a bar su su shiga sai da babba a kusa. Ki riƙe ledar abincinki da kyau, biran wurin ba su da kunya, har daga hannu suke fizgewa. A hanyar dawowa ku tsaya cikin garin Bauchi ku ga inda aka binne Tafawa Ɓalewa, wanda aka kashe a Janairun 1966.

Hukunce-hukuncen da za ki riƙe

Na farko, tafiya irin wannan da izinin maigida ake yin ta, kuma tare da shi ko da muharrami. Na biyu, idan nisan tafiyar ya kai mil 48, wato kilomita 80 ko ɗan fiye, sunna ce a yi ƙasaru: Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a bibbiyu, Magariba da Asuba suna nan yadda suke. Ana farawa ne bayan an fita daga gidajen gari. A mazhabar Malikiyya, idan kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda kuka sauka, sai ku cika sallah. Na uku, ki koya wa yara addu'ar hawa abin hawa da ta tafiya tun kafin ranar, kuma ki yawaita roƙo a hanya, domin addu'ar matafiyi tana cikin waɗanda ake amsawa. Na huɗu, idan kuna da abokiyar zama, Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Kada yawon kwana biyu ya haifar da gabar shekara. Idan ke aka ɗauka, ki tafi da 'ya'yanta kamar naki.

Shiri

Kada ki tari maigida da maganar nan yana shigowa da gajiya. Ki bari ya ci ya huta, sannan ki ce, "Baban Yara, akwai shawarar da nake so mu yi kan hutun nan." Ki zo da lissafinki a hannu: kuɗin mota, masauki, abinci. In kina da adashi ki ce ga taki gudummawar. Ankon biki biyu da kika haƙura da su za su rage wani abu. Idan akwai 'yan'uwa a garin, ku sauka wurinsu, kun haɗa da sada zumunci, amma ku sanar da su da wuri, kuma kada ku je hannu rabbana.

Guzuri ki haɗa wanda ba ya lalacewa: dambun nama, cincin, dabino, da ruwa mai yawa. Ki sa maganin zazzaɓi, gidan sauro, buta da darduma. Hutun Disamba ya fi dacewa da Sakkwato da Katsina, don zafin bazararsu ba na wasa ba ne, sai dai ki tanadi rigunan sanyi da man shafawa saboda hunturu.

Batun tsaro kuwa ba a wasa da shi. Kowa ya san halin da wasu hanyoyin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka shiga saboda 'yan bindiga. Kafin ku tsayar da rana, maigida ya tambayi direbobin tasha da mutanen garin halin da hanya take ciki a wannan makon. Ban da tafiyar dare, ban da ratse zuwa ƙauyukan da ba ku sani ba. In an ce hanya ba ta da kyau, ku fasa. Kiyaye rai yana gaba da kowane yawo, kuma garinku ma ba zai rasa tsohon masallaci, ko ƙofar gari, ko dattijuwar da ta san tarihi ba. Ku fara da wannan.

Idan kun dawo, ki ba kowane yaro takarda ya rubuta abu uku da ya gani da abu ɗaya da ya koya. Ke ma ki zo taron reshenku ki ba 'yan'uwa labari, kamar yadda jaji take yi idan ta koma ƙauyensu.

Abin tattaunawa a zama na gaba: wane wurin tarihi ne ya fi kusa da gidanki, kuma 'ya'yanki sun taɓa zuwa? Idan mota ta kai ku Zariya daga Kano da niyyar kwana biyu, raka'a nawa za ki yi La'asar?

Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.