Jinin Da Ido Ba Ya Gani: Me Ya Sa Likita Ke Neman A Gwada Aman Majinyaci?

'Yar'uwa, ke ce kan gaba wajen jinya a gida, don haka darasinmu na yau naki ne. Wani lokaci tumbin mutum kan riƙa zubar da jini kaɗan-kaɗan ba tare da an gani ba. Sai dai ki ga maigida ko yaro ya ɗashe, yana yawan gajiya da jiri, an sha maganin ƙarin jini amma shiru.

Yadda ake gwajin

Ana ɗibar ɗan aman majinyaci, ko a zura siririyar roba ta hanci har cikin tumbi a zuƙo ruwan. A ɗakin gwaji sai a shafa shi a kan wata takarda mai sinadarin gwayak, a ɗiga wani ruwan magani. In akwai jini, wurin zai koma shuɗi. Ruwan tumbi yana da tsami sosai, kuma tsamin kan ɓata sakamako, shi ya sa ake da takarda ta musamman dominsa. Akwai irin wannan gwaji na bahaya, wanda ma ya fi yawa.

Me ke kawo jinin?

Babban dalili shi ne gyambon ciki, wato olsa. Da ana ɗora laifin a kan yaji da damuwa, har a 1982 likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar H. pylori da ke haddasa yawancinsa. Sun samu kyautar Nobel a 2005. Sai kuma magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibufurofen da diklofenak da muke saye a kemis ba da izinin likita ba. Ciwon dajin tumbi ma kan kawo shi.

Abin da za ki kiyaye

1. Ki faɗa wa likita duk maganin da ake sha, har na gargajiya.
2. In an yi haɓo ko dasashi na jini, ki faɗa, don jinin da aka haɗiye zai fito a gwajin.
3. A gwajin bahaya na gwayak akan bar jan nama kwana 3, kuma ba a ɗibar bahayar lokacin al'ada.
4. Ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu kan baƙanta bahaya, wannan ba jini ba ne.

Ganin jini a gwaji ba ya nufin daji ne. Likita zai iya neman a leƙa tumbin da na'ura don gano tushen. Amma fa in kika ga amai da jini, ko mai baƙi-baƙi kamar garin kofi, ko bahaya baƙa mai yauƙi kamar kwalta, kada ki tsaya jiran gwaji ko jiƙo. A garzaya asibiti a take.

Allah Ya ƙara mana lafiya.