Darasin Lafiyar Iyali: Neman Taimako Bayan Haihuwa Mai Wuya

Wannan darasi na masu jego ne da mazajensu da surukai da maƙwabta a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau, Cadakori da sauran garuruwan jihar Maraɗi da suka karɓi 'yan gudun hijira. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

A gida, mace mai cikin fari takan tafi goyon ciki wurin iyayenta. In ta haihu, akwai uwa ko kaka ko gwaggo da za ta dafa ruwan wanka, ta dama kunu, ta lura da ita har arba'in. In wani abu ya canza a jikinta, tsohuwar ce ke fara gani. Tun 2019 da mutane suka fara tsallakowa daga Sakkwato, Zamfara da Katsina, iyalai da yawa sun rabu. Mata da dama sun haihu babu uwa a kusa, wasu a hanya, wasu bayan kwana biyu suna naƙuda. Aikin da tsohuwa ke yi a da, yanzu ya dawo kan miji da maƙwabta da ma'aikatan asibiti. Shi ya sa ya kamata kowa ya san abin da zai lura da shi, da kuma inda zai kai kuka.

1. Wace ce haihuwa mai wuya?

Ita ce haihuwar da ta bar ciwo a jiki ko a zuciya. Misali doguwar naƙuda da ta wuce awa 12, zubar jini mai yawa, jijjiga, aikin gaggawa don ciro jariri, yagewa ko ƙari, mabiyiya da ta ƙi faɗowa, ko jaririn da ya zo babu rai. Haka ma in mace ta ga kamar mutuwa za ta yi, ko ta haihu ita kaɗai, ko aka yi mata tsawa da wulaƙanci tana kan gwiwa.

Mai jego ce ta san abin da ta ji. Ko da an ce mata "ai kin sauka lafiya", in abin yana damun ta, ta cancanci a saurare ta. Wahalar haihuwa ba ta nuna ragwanci, kuma ba laifin macen ba ne.

2. Alamun da ba sa jira

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a kai ta asibiti a take, ko da tsakar dare ne. Kada a jira gari ya waye, kada a jira suna ya wuce.

- Jini ya jiƙe ƙunzugu biyu ko uku cikin rabin awa, ko ya ƙaru bayan ya fara raguwa.
- Ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, ko jijjiga.
- Zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ko jinin biƙi mai wari.
- Haki, ciwon ƙirji, kumburin fuska da ƙafafu, ko tarin da ke hana ta kwanciya.
- Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo.
- Wurin ɗinki ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya, ko ya buɗe.
- Ta rikice, tana maganar da ba a ganewa, ko ta ce za ta kashe kanta ko jaririn.

Jaririn da ya sha wuya wajen fitowa shi ma a sa masa ido. In ya ƙi kama nono, ko yana jijjiga, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙwarai, ko numfashinsa na sauri, ko tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi rawaya, a kai shi nan da nan.

Maigida, ka ba da izini tun yanzu. Ka gaya wa matarka da maƙwabta cewa in ba ka nan, su kai ta ba sai an neme ka ba. Jini ba ya jiran kowa ya dawo daga kasuwa.

3. Awo huɗu bayan haihuwa

Mata da yawa sun san awon ciki, amma ba su san akwai awo bayan haihuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego da jaririnta sau huɗu: cikin awa 24 na farko, a kwana na uku, tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida, wato wajen arba'in. Ko a gida kika haihu, ko a hanya, ki je. Ba za a kore ki ba don ba a asibiti kika haihu ba.

Ki tafi da katin awonki, wanda a nan ake ce wa karne. In an yi miki aiki ko ƙarin jini, ki roƙi a rubuta a ciki, ki ajiye shi tare da takardunki na gudun hijira. In wata rana kika koma gida ko aka sauya miki wuri, wannan katin ne zai gaya wa ungozoma ta gaba abin da ya faru.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗi komai: fitsari, bayan gida, ciwon ɗinki, ciwon nono, rashin barci, tsoro. Kina da damar neman ma'aikaciya mace, da neman a yi magana inda ba kowa. In ma'aikacin da Faransanci yake magana, ki nemi mai fassara da kika yarda da ita. Kina kuma da damar tambaya: Me ya faru lokacin haihuwata? Me ya sa aka yi mini aiki? Me zan kiyaye a ciki na gaba? Mata da yawa sukan sami sauƙi a zuciya da zarar an yi musu bayani.

4. Yoyon fitsari yana da magani

In kan jariri ya daɗe a makale a ƙugu, yakan danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara har jini ya daina isa wurin. Naman sai ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, ya bar ƙofa. Daga nan fitsari, wani lokaci har da bayan gida, ke zuba dare da rana. Yankan gishiri ma yana jawo shi. Wasu matan kuma ƙafarsu kan mutu, su riƙa jan ta. Wannan rauni ne na naƙuda. Babu hannun maye ko iska a ciki, kuma ba ya yaɗuwa.

Saurin zuwa yana da amfani ƙwarai. In ƙofar ƙarama ce kuma sabuwa, robar fitsari da za a sa na wasu makonni takan sa ta rufe ba tare da aiki ba. In ba ta rufe ba, ana ɗinkewa, kuma yawancin mata suna warkewa, har waɗanda suka yi shekaru da ciwon. A garin Danja, kudu da Maraɗi, akwai cibiyar aikin yoyon fitsari da aka buɗe a 2012. A Yamai akwai babbar cibiya ta ƙasa. A Najeriya kuma akwai ta Babbar Ruga a Katsina. Ki fara da ungozomar asibitin da ke kusa da ke, ita za ta ba ki takardar turawa.

Kafin a yi aikin, kada ki rage shan ruwa don gudun jiƙa zane. Ƙarancin ruwa na sa fitsari ya yi kauri, ya ƙara wari, ya ci fata. Bayan aiki, likita zai faɗi watannin da za a yi ba tare da kusantar miji ba, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, yawanci ta hanyar aiki.

Maigida, matar da ta sami wannan rauni wajen haifa maka ɗa ta same shi. Ware mata kwano ko sakinta ba ya rufe ƙofar. Rakiya zuwa asibiti ita ke kawo waraka.

5. Wankan jego da kunun kanwa

Hutun arba'in al'ada ce mai kyau, a riƙe ta. Amma akwai abin da ya kamata a rage. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciya ya yi yawa a tsakanin masu jego da ke shan kunun kanwa sosai, suna wanka da tafasasshen ruwa, suna kwanciya a gadon da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Wadda ta yi hawan jini ko jijjiga ko kumburi ta bar kanwa gaba ɗaya. A yi wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu. Kada a watsa ruwan zafi da ganye a kan ɗinki, kada a shafa masa komai sai abin da aka bayar a asibiti.

Wadda aka yi wa aiki kada ta ɗauki jarkar ruwa, kada ta yi daka ko ɗaukar itace har mako shida. Wani ya je mata layin rabon abinci. Ta ci wake, gyaɗa, zogale, da nama ko kifi in an samu, ta kuma sha ƙwayar ƙarin jini da aka ba ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bari shekara biyu ta wuce bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Ku je ku biyu ku tambayi ungozoma hanyoyin tazarar haihuwa.

6. Ciwon da ba a gani

Daga kwana uku zuwa biyar bayan haihuwa, mata da yawa kan yi kuka ba dalili. Wannan yakan wuce kafin mako biyu. In ya zarce haka, tana cikin baƙin ciki kullum, ba ta cin abinci, ba ta iya barci ko da jariri ya yi barci, tana ganin ba ta da amfani, ko ba ta jin son jaririn, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. A ƙasashe irin namu, kusan mace ɗaya cikin biyar ke samun irin wannan matsala bayan ta haihu.

Akwai kuma firgita. Mace na zaune sai abin ya dawo mata kamar yanzu yake faruwa. Tana mugun mafarki, gabanta na faɗuwa, tana gudun ƙofar asibiti, tana tsoron miji ya kusance ta don kada ta sake ɗaukar ciki. Ga wadda ta gudo daga hari, jini da ihun haihuwa kan tayar da abin da ta gani a daren da aka shigo garinsu. In wannan ya kai wata guda, ko ya hana ta kula da kanta, ta nemi taimako.

Maganin yakan fara da magana. Ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara suna saurare a asirce, suna koya wa mutum yadda zai kwantar da numfashinsa da tunaninsa. In ana buƙatar ƙwaya, akwai wadda mai shayarwa ke iya sha. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Addu'a da asibiti kuwa ba sa karo: a yi addu'a, a kuma kai ta.

Wadda ta rikice, tana jin muryoyi ko ganin abin da babu, ba ta barci kwana da kwanaki, ciwonta na gaggawa ne, kuma yana warkewa. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. A kai ta asibiti a ranar.

7. In jaririn bai zo da rai ba

Uwar da ta rasa jariri mai jego ce ita ma, awo huɗun nan duk nata ne. Nono zai kawo ruwa, ungozoma za ta nuna mata yadda za ta rage ciwonsa. A yi mata ta'aziyya kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi rashi. Kada a ce mata "ai za ki sami wani", kada a kira ta wabi, kada a ɗora mata laifi. Uban ma ya yi rashi, shi ma yana iya neman wanda zai yi magana da shi.

8. Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Ta farko ita ce ungozoma ko ma'aikacin asibitin da ke kusa. In ciwon ya fi ƙarfinsu, su ke tura mutum babban asibiti, kamar cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Maraɗi. Ta biyu, masu wayar da kai kan lafiya da ke zagaya gidaje, da shugabannin mata, waɗanda za su iya raka ki. Ta uku, ma'aikatan kare haƙƙi na hukumar HCR da abokan aikinta, musamman in an samu cikin ta hanyar fyaɗe, ko miji ya kore ki, ko ana dukan ki, ko mai jegon yarinya ce ƙarama. Ba za a kai maganarki gaban kowa ba sai da yardarki, sai fa in akwai ran da ke cikin haɗari.

Taimakon HCR da abokan aikinta kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko ya nemi jikinki kafin ya taimaka miki ya saɓa doka, ki kai ƙararsa. In kin je ba a saurare ki ba, ki koma, ki tafi da wata babba, ko ki nemi ganin shugaban wurin.

9. Aikin maƙwabta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace mai jego a unguwa ta sami mace ɗaya da za ta riƙa leƙa ta kullum har arba'in, ta tsaya a matsayin uwar da ba ta nan. Ta tambaye ta: Yaya jinin? Kin yi barci? Me ke damun ki? Sannan ta yi shiru ta saurara. In mai jego ta fara ba da labarin naƙudarta, kada a katse ta da "ki yi haƙuri". In ba ta son magana, kada a tilasta mata. A ɗebo mata ruwa, a riƙe mata jariri awa ɗaya ta runtsa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Faɗi alamu uku da za su sa a kai mai jego asibiti da dare.
2. A waɗanne ranaku ne ake awo huɗu na bayan haihuwa?
3. In dare ya yi a unguwarku, wa za a tasa, kuma da me za a ɗauki mai jego?
4. Wace mai jego ce a kusa da ku ba ta da uwa ko 'yar'uwa a nan? Wa zai fara leƙa ta daga gobe?

Allah ya raya abin da aka samu, ya ba masu jego lafiya.