Kafin Ka Tura Wa Mai Zane Hotonka

Sana'ata zanen fuska ce. Ina zana mutane, ina zana karnuka, wani aikin da fensir da gawayi ko fentin mai, wani kuma a kan allon kwamfuta da alƙalaminsa. Duk wanda ya neme ni, tambayarsa ta farko nawa ne, ta biyu yaushe za a gama. Da wuya a tambayi wane irin hoto ya kamata a turo. Alhali yawancin zanen da ake cewa bai yi kama ba, a jikin hoton matsalar take tun kafin mai zane ya fere fensirinsa.

A da zama ake yi gaban mai zane, ya dubi mutum daga dama, ya dube shi daga hagu, ya ga yadda fuskarsa ke motsi in yana magana. Ben Enwonwu ido da ido ya san Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife, kafin ya zana ta a hoton nan da ake kira Tutu, wanda aka sayar a Landan a 2018 kan fam miliyan 1.2. Mu kuwa yau kusan kullum abin da ke hannunmu hoto ɗaya ne na waya. Abin da hoton bai ɗauko ba, sai dai mu ƙirƙira, kuma fuskar da aka ƙirƙira ba ta mai ita ba ce.

Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannunsa shi ya fi ba mu wahala. Kyamarar tana kusa da fuska ƙwarai, sai hanci ya ƙara girma, kunnuwa su ja baya, kai ya tsuke. In na bi shi na zana, 'yan gida za su ce akwai kama amma wani abu ya kauce, ba kuma za su iya nuna wurin ba. A ba wani wayar, ya ja baya kamar mita biyu, ya ɗan jawo hoton, kyamara daidai da tsayin ido. A tsaya a inuwa ko kusa da taga, da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana zuba duhu a ramin ido da ƙarƙashin hanci, filasha kuma tana shafe tudu da kwarin fuska, waɗanda da su ake gina kama. In an zo turawa a WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba matse hoton take yi. Wanda aka kwafo daga sitatus ɗin wani kuwa, in na buɗe shi a babban allo, ƙwayar ido ma ba ta fita.

Sai batun da ya fi ci mini rai, wato filta da haskakawa. Mace za ta turo hoton da manhaja ta riga ta goge mata fata sumul, ta rage mata haɓa, ta ƙara mata ido, sannan ta ce, “Malam, don Allah a ɗan ƙara haska ni.” Namiji zai ce a cire masa billensa. Wani zai ce a haɗe wushiryar mahaifiyarsa. Nakan tsaya in yi musu bayani, domin da waɗannan abubuwan ne jikoki za su gane mutum. Tsagar Gobirci a fuskar dattijo, tabon sujada a goshi, kwallin da tsohuwa ba ta rabuwa da shi, yadda wani ke karkata hula, in an cire su fuskar kowa ce ta rage. Ga shi tsaga tana ƙarewa, yaran yanzu ba a yi musu, watakila zanen nan ne zai nuna wa na baya irin ta gidansu.

Baƙar fata kuma ba da baƙin fenti ake yin ta ba. Nakan haɗa ruwan ƙasa mai duhu da ja irin na jar ƙasa, in sa shuɗi a inuwa, in bar ruwan ɗorawa kaɗan inda haske ya sauka a kunci. Goshin mutum baƙi yana ɗaukar launin sama in yana waje, yana ɗaukar launin rigarsa a ƙarƙashin haɓa. Wannan ne daɗin aikin, kuma shi filta ke fara kashewa. Wanda ya ce a haska shi, ba ya sanin irin kyan da ya sa aka zubar.

A wajen masu kare na ga akasin haka. Kare a wurinmu na gadi ne da farauta, saboda haka mutane kan yi mamaki in sun ji ana biyan kuɗi a zana shi. Ana biya kuwa. Wasu masu aikin daga Turai da Amurka suke samuna ta intanet, wasu daga Jos da Abuja, akwai kuma mafarautanmu da ba sa haɗa karensu da komai. Ban taɓa jin mai kare ya nemi a gyara wa karensa kama ba. Wani mafarauci da ya turo hoton karyarsa bayan ta mutu, abin da ya nanata mini shi ne kada in manta da yagaggen kunnenta na hagu, domin a daji ta samo shi tana gaban tawaga. Abin da ya sani yake so a mayar masa, shi ya sa zanen kare kan fi na mutum fitowa da rai.

Ɗaukar hoton kare yana da nasa ƙa'idojin. A durƙusa a ɗauka daidai da idonsa, in an ɗauka daga tsaye kai zai yi ƙato, ƙafafu su gajarce. Kada a kunna filasha, domin a bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ke sa idon ya yi kore ko fari a hoto, launinsa na gaskiya ya ɓace. Baƙin kare a fitar da shi waje cikin inuwa, in ba haka ba dunƙulen duhu kawai za a turo, ba a ganin inda gashi ya kwanta. A kuma faɗa wa mai zane irin karen. Karen Azawak na Abzinawa, wanda ake samu tsakanin Nijar da Mali, halittarsa ce dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, ƙasusuwan ƙugu a bayyane. Mai zanen da bai san shi ba zai ɗauka yunwa ce, ya cika masa jiki, ya mayar da shi wani kare daban.

Na san malamai suna da magana a kan zanen mai rai, kuma gidaje da yawa ba sa rataye hoto saboda haka. Ina girmama wannan. Maganata da waɗanda suka riga suka yi niyyar ba da aiki nake yi.

Aikin mamaci shi ya fi nauyi. Sau da yawa ɗan fasfo ɗaya ake kawowa, ya koɗe, ga hatimin ofis a rabin fuska. Ana iya yi, amma sai an taimaka mini da hoton 'yan'uwansa masu kama da shi, da kwatancen yadda yake murmushi, da irin rawanin da yake naɗawa. Duk mai tsoho a raye, ya zaunar da shi bakin taga ya ɗauke shi hotuna masu kyau, daga gaba da gefe, ya adana su a wuri fiye da ɗaya.

Akwai masu ganin zanen kwamfuta ba aiki ba ne, na'ura ce ke yi. Hannu ne ke ja, ido ne ke auna, kamar dai a takarda, sai dai gyara ya fi sauƙi kuma ana iya buga kwafi ga kowane ɗan gida. Amma akwai masu cuta da sunansa: su jefa hotonka a manhajar ƙirƙirarriyar basira, cikin minti ɗaya ta fitar da wani abu mai sheƙi, su karɓi kuɗin zanen hannu. Maganinsu ka nemi a nuna maka matakan aikin tun daga zayyanar farko. Manhajar Procreate ma da kanta take naɗar bidiyon aikin daga layin farko zuwa na ƙarshe, mai gaskiya ba zai ƙi turo shi ba. Ka kuma faɗi girman da za ka buga tun farko. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato takardar A3 tana bukatar fiksel 3508 a faɗi, 4961 a tsawo. Launin da ke allo ya fi na takarda haske, don haka a buga ƙaramin gwaji kafin babban.

Zanen hannu kuma haƙuri yake so. Akirilik yana bushewa nan da nan, fentin mai kuwa sai ya yi kwanaki kafin a taɓa shi, kuma ba a shafa masa banish sai ya kai kamar wata shida, saboda haka mai biki ya ba da aikinsa da wuri. Zanen gawayi sai an fesa masa maganin kama shi, a sa shi a firam mai gilashi, a bar 'yar tazara kada gilashin ya taɓa takardar. Kada a rataye zane inda rana ke dukansa, ko jikin bangon da ke jan danshi da damina. In ƙurar hunturu ta hau fentin mai, a kaɗe ta da busasshen burushi mai laushi, kada a kai masa jiƙaƙƙen tsumma.